Plugin ɗin WordPress yana janyo fayil da http bayan an koma https

Auwal_Kwamfuta: Assalamu alaikum. Shafin WordPress ne da aka sa wa SSL (takardar tsaron da ke sa shafi ya buɗe da https), komai na buɗewa da https, sai JavaScript na plugin guda da ke zuwa da http, burauza tana toshe shi. A lambar an rubuta `WP_PLUGIN_URL . '/taswira/js/app.js'`. Ina gizo ke saƙar?

MalamSabo: Wa alaikumus salam. Laifin `WP_PLUGIN_URL` ne. Daga `siteurl` (adireshin shafin) da ke rumbun bayanai ake gina shi, babu ruwansa da ko baƙo ta https ya shigo. In `siteurl` http ne, http zai ba ka. Mayar da shi haka:

`plugins_url( 'js/app.js', __FILE__ )`

Wannan yakan tambayi `is_ssl()` kafin ya zaɓi http ko https, kuma ko an sauya sunan folda ba zai karye ba. Sai ka miƙa shi ga `wp_enqueue_script`, umarnin da WordPress ke loda JavaScript da shi. Amma in `require` za ka yi don shigo da wani fayil ɗin PHP, hanyar fayil a kan saba ake so, ba adireshin intanet ba, wato `plugin_dir_path( __FILE__ )`. Da `/` ɗinsa yake zuwa a ƙarshe, kada ka ƙara wani.

Hajara_PHP: Ƙari kan bayanin Malam: `__FILE__` yana nufin fayil ɗin da lambar ke ciki, ba babban fayil na plugin ba. In kana cikin `includes/`, adireshin zai fito `taswira/includes/js/app.js`, ka ci karo da 404 (ba a sami fayil ba). Sa `dirname( __FILE__ )` a madadinsa don ka hau mataki ɗaya.

Auwal_Kwamfuta: Na gode. Na gyara, amma har yanzu http ne. Shafin yana bayan Cloudflare, wato baƙi ta sabar Cloudflare suke bi kafin su iso tawa.

MalamSabo: To, ka duba ko saitin SSL na Cloudflare a kan Flexible yake. A wannan tsarin Cloudflare da http yake magana da sabarka, shi kuwa `is_ssl()` abin da yake dubawa `$_SERVER['HTTPS']` ne ko tashar 443, sai ya ce babu. A `wp-config.php`, sama da layin da ke kiran `wp-settings.php`, duba in `HTTP_X_FORWARDED_PROTO` na cikin `$_SERVER`, wanda ke nuna ta inda baƙo ya shigo, yana ɗauke da https, sai ka sa `$_SERVER['HTTPS'] = 'on'`. In ka sa shi ƙasa da layin, aikin banza ne. Ni dai shawarata, ka sa takardar SSL a sabar kanta ka koma Full, inda Cloudflare zai yi magana da sabarka da https, sannan ka gyara `siteurl` da `home` su zama https, ka share ma'ajiyar wucin gadi ta Cloudflare kafin ka gwada.