Mene ne Hausar "rotating exhibition"? Ga abin da na tsayar

Jama'a, assalamu alaikum. Ana fassara wani labari kan gidan zane-zane na Ben Uri da ke Landan, sai aka cije a kan "rotating exhibition" da kuma "gallery". Shawarwari sun zo da yawa, amma kafin a raɗa wa abu suna sai an san kamanninsa.

Yahudawa 'yan ci-rani daga Gabashin Turai, masu magana da harshen Yiddish, su suka kafa Ben Uri a unguwar Whitechapel a 1915, bisa jagorancin wani mai zane, Lazar Berson. Sunan kuwa daga Bezalel ɗan Uri aka ɗauko shi, gwanin aikin hannu da Attaura ta ce ya yi aikin alfarwar ibada a zamanin Annabi Musa. Yau ayyukan da ke hannunsu suna da ɗimbin yawa, cikinsu har da na shahararrun masu zane David Bomberg da Mark Gertler da Marc Chagall, alhali wurinsu na titin Boundary Road ɗan ƙarami ne. Bango ɗaya, kaya jingim. Dole a rataye wasu na 'yan watanni, a sauke, a rataye wasu.

Ba ƙarancin wuri kaɗai ke jawo haka ba. Haske na cin zanen da aka yi a kan takarda, launi ya koɗe, takardar ta yi rawaya, kuma abin da ya koɗe ba ya dawowa. Shi ya sa masu kula da irin waɗannan gidaje kan nuna zanen takarda na wajen wata 3 a ƙarƙashin fitila mai rauni, sannan a mayar da shi akwati ya huta cikin duhu. Zanen Chagall na 1945 da ke wurinsu, wanda ya yi kan kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, a kan takarda yake. Irin wannan ba a barin shi a bango shekara da shekaru.

To, kalmar da muke nema dole ta ɗauki wannan: wuri na nan daram, kaya ne ke musanya, wanda aka sauke kuma yana iya dawowa.

Wani malami ya ce "baje koli mai juyawa". Malam, Allah ya ƙara sani, amma ban bi ka ba. Da Bahaushe ya ji baje koli, hankalinsa na kasuwar baje koli ta Kaduna, da 'yan kasuwa da ciniki. Kayan Ben Uri amanar al'umma ce. "Mai juyawa" kuma zai sa mai karatu ya zaci ɗakin ne ke wulwulawa. "Nuni" ta ishe mu, kalma ce tamu, ba ta da nauyin baki.

Wata 'yar'uwa ta kawo "nunin wucin gadi". Yaya, wucin gadi abu ne da ake lallaɓawa da shi kafin na gaske ya zo, kamar gwamnatin wucin gadi. A nan sauyin shi ne tsarin, ba a jiran wani na gaske. "Tafi-da-gidanka" ma na ajiye shi gefe, yana da nasa aiki: idan an kwashi kayan an kai su wani wuri, kamar yadda Ben Uri ta kai nunin cikarta shekara 100 Somerset House, wani babban gini a tsakiyar Landan, a 2015.

Saura biyu, "bi-da-bi" da "karɓa-karɓa", kuma a nan na fi daɗewa. Bi-da-bi jeri ne, wannan ya wuce wancan ya biyo, idan layi ya ƙare an gama. Karɓa-karɓa kuwa yana zagayowa. Ma'aikatan asibiti na aikin karɓa-karɓa, wanda ya tashi da safe gobe zai sake karɓa. Na san 'yan siyasa sun yi wa kalmar kaka-gida da maganar mulkin karɓa-karɓa, amma ba su suka ƙage ta ba, kuma yawan jin ta a rediyo riba ce, kowa zai gane ba sai an yi bayani ba. Akwai wani abu kuma. A gidajen al'umma irin wannan, masu zane ma karɓa-karɓa suke yi da bangon. Ben Uri ta faro da Yahudawa, yanzu tana nuna ayyukan baƙi da 'yan gudun hijira na kowace ƙasa da addini da suka zauna Birtaniya. Kalmar ta rufe duka biyun.

"Gallery" ba ta ba ni wahala ba: zauren nuni. Zaure ne inda gida ke tarbar na waje. "Gidan tarihi" mu bar wa irin su Gidan Makama.

Don haka ga su: zauren nuni, nunin karɓa-karɓa, nunin dindindin ga abin da ba a saukewa, nunin tafi-da-gidanka ga mai yawo. Jimlar da aka cije a kai sai ta zama: "Zauren nunin al'ummar Yahudawa na gudanar da nunin karɓa-karɓa na zane-zane da kayan al'adu." 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, idan a rediyonku da wata kalma ake kiran wannan, ku kawo ta mu gwada ta a wannan jimla.