Me za mu kira "rodaj" na birki da Hausa?

Jama'a, musamman 'yan'uwana bakanikai da direbobin Damagaram, kalma nake nema ta Hausa a madadin "rodaj", kalmar Faransanci da muke faɗa wa aikin da ake yi wa sabon birki don ya kama lafiya. Na gaji da in ce "rodaj" mutum ya tafi ya aikata akasin abin da nake nufi.

Ga abin da ya jawo maganar. Kwanan baya aka kawo wata mota garejinmu da ke hanyar Tanut, irin masu ƙofa biyu ɗin nan da aka ƙera don gudu, ƙirar Jamus, ta shigo ta Kwatano. Ba kullum ake ganin irinta a Zinder ba, yara har rige-rigen kwance mata taya suke yi. Na canza mata filaket na gaba, wato 'yan falankan birki da ke matse faifan taya don mota ta tsaya, masu haɗin ƙarfe a jiki, waɗanda mai motar ya sayo da kansa a Ƙofar Ruwa, Kano. Na tattaka birki har feda ta yi tauri, na miƙa masa makulli na ce, "Alhaji ƙarami, a yi mata rodaj." Ya ce to.

Kwana 5 sai ga shi ya dawo ransa a ɓace. Duk inda ya rage gudu, ko a bakin Kasuwar Dole ko a mahaɗar hanya, sai birki ya ɗauki wani siririn kuka, ƙiii, har masu kabu-kabu suna waiwaye. Shi a zatonsa jabu aka sayar masa. Na tambaye shi yadda ya yi rodajin. Ya ce bai taɓa wuce gudun kilomita 40 a awa ba, birkin ma lallaɓa shi yake yi kamar mai taka ƙwai.

Kuma yana da gaskiya. A kunnen ɗan Zinder, rodaj shi ne abin da ake yi wa sabon babur: a tafi sannu, kada a matsa wa inji. Ni na ba shi kalmar da ta ɓatar da shi.

Asalin kalmar a Faransanci shi ne goga fuska biyu da juna har su dace. A birki kuwa abin ya wuce guga kawai. Idan filaket ya ɗauki zafi, yana shafa wa diski, wato faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, wani siririn shafe daga jikinsa, launin toka-toka, wanda ido ba ya gani sai an lura. Da wannan shafen birki yake kamawa lafiya kuma shiru. In bai kwanta daidai ba, filaket yana kamawa yana saki sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, diski yana amsawa kamar an kaɗa ƙararrawa. Wannan kaɗawar ce kunne yake ji a matsayin kuka. Filaket na motar gudu an yi shi don zafi ne, tafiyar cikin gari ba ta kai shi inda zai saki shafen.

Kafin in ɗora wa rashin rodaj laifi sai da na ɗaga motar, don ba kowace ƙara ce wannan ba. In ka ji gurza, ƙarr-ƙarr, ko ba ka taka birki ba, duba tsakanin diski da farantin da ke bayansa. Tsakuwa tana maƙalewa a nan, ko farantin ya lanƙwashe lokacin aiki, kuma a garin rairayi irin namu wannan ba baƙon abu ba ne. In ƙwas ka ji sau ɗaya, musamman in ka sauya daga tafiya baya zuwa gaba, to filaket yana wasa a mazauninsa, an manta ƙananan ƙarafunan da ke riƙe shi, ko wani noti bai ɗauru ba. Wannan kam a tsaya nan take. Tsohon diski kuma yana yin leɓe a gefe inda tsohon filaket bai ci ba, sabon yana gogarsa. A jikin diski akwai lambar kaurin da bai kamata ya gaza ba, a auna, kada a yi kirdado.

A motar nan ban samu ko ɗaya ba. Da na zaro filaket na juya shi a rana, fuskarsa sumul tana ɗan ƙyalli, diski kuma tas, ba alamar shafe. Na goge ƙyallin da takardar guga mai laushi, na shafa man da ke jure zafi a bayan filaket da kunnuwansa kawai, ba a fuska ba, na mayar.

To me za mu kira aikin da ya rage? Ku kawo shawara.

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku.

Mafi yawanku kun ce "sabo", wato filaket da diski su saba da juna. Ma'anar ta yi kusa sosai, ni ma ita ta fara zo mini. Amma ku rubuta ta ku gani: "sabon birki". Wa zai bambanta shi da birkin da aka sayo yau? A baki murya tana rabawa, a saƙon waya ba ta rabawa. Sannan sabo abu ne da ke zuwa da kansa, ba ya ce wa mai mota ya tashi ya yi komai.

Wani ɗan'uwa daga Maradi ya ce "washi", kamar washin wuƙa. Ina tsoron wannan. Ka ce wa yaron gareji ya wasa birki, ka juya baya, za ka tarar ya ɗauko zarto. "Gashi" ma haka: zafi ake nema, gaskiya ne, amma wanda ya ji "gasa birki" zai bi shi har diski ya yi shuɗi, ya ƙone filaket. "Lallaɓawa" kuwa ita ce cutar da ta dawo mini da motar.

Wadda ta zauna mini a rai wani dattijo ne ya kawo ta, tsohon direban babbar mota da ya yi shekaru a hanyar Agadas. Ya ce birki linzamin mota ne, sabon doki kuwa ba a sake shi haka nan, ba a kuma dukansa, horarsa ake yi. Horo.

Na juya ta ta kowane gefe. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Birni ya ga doki ya zo a sukwane ya ci birki gaban fadar Sarkin Damagaram, ya san wannan tsayuwar ba ranar aka koye ta ba. An sukwane shi an ja, an sake an ja, an bar shi ya huce. Aikin birki ke nan daidai da daidai. Kuma kalmar tana lanƙwasuwa a baki ba tare da an tilasta mata ba: ka hori birkin? Na hore shi. Birki horarre, birki marar horo. Kalmar da aka ƙirƙira in ba ta iya yin haka, a takarda take mutuwa.

Wata malama ta yi gyara cewa horo yana nufin azabtarwa ma, kamar "ɗauri da horo mai tsanani". Haka ne, Malama, na karɓa. Amma mun saba jin horon soja da horon 'yan ƙwallo, ba wanda yake ruɗewa, kuma in aka haɗa da birki ma'anar tana fita sarai.

Ga yadda na hori na motar nan. Na fita hanyar Mirriya da hantsi, ba ranar Lahadi ba, don ranar kasuwa amalanke da dabbobi sun cika hanya. Na fara ɗumama shi da taka birki a hankali sau 3 ko 4 daga gudun kilomita 60 a awa. Sannan daga kamar 90 in taka da ƙarfi, ba har ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, ta kama ba, in sauko zuwa 15 ko 20, in sake ɗauka ba tare da na tsaya cak ba. Sau 8 na yi. Wajen na 6 na fara jin ɗan ƙauri, wannan ba abin tsoro ba ne. Daga nan na yi tafiyar minti 10 ban taɓa feda ba don iska ta sanyaya shi. Babban kuskure shi ne ka tsaya da ƙafa a kan birki mai zafi: filaket zai buga hatiminsa a wuri ɗaya, bayan kwanaki sitiyari ya riƙa rawa, a ce diski ya karkace alhali shafe ne ya taru. In akwai takarda a kwalin filaket, a bi lissafin da ke ciki, don masu ƙerawa sun bambanta.

Da na dawo na leƙa ta tsakanin taya, diski ya yi toka-toka bai ɗaya. Kukan ya tafi, sai ɗan abin da yake yi da sanyin safiya kafin ya ɗumama, wanda halin irin wannan filaket ne, na kuma faɗa wa mai motar haka.

Ni dai daga yau "horon birki" zan riƙa cewa a gareji. Saura ƙarfen da ke matse filaket, wanda muke kira etiriye. A Faransanci ma'anarsa likkafa, amma aikinsa ya fi kama da na awartaki. Wanne kuka gani?