Me ke sa bishiyar fain ta riƙa fitar da ruwa mai zaƙi?

Abu Hafsat: Assalamu alaikum. A dazuzzukan yammacin Amurka da Kanada, ana ganin ɗigon ruwa kamar zuma a kan kumburin reshen farin fain (bishiya mai ganye sirara kamar allura), kurege kuma yana gaigayar wurin. Ƙaron bishiyar ne, ko wata cuta ce?

Malam Gandu: Wa alaikumus salam. Ba ƙaro ba ne, ɗan'uwa. Ƙaron fain ɗaci gare shi, kuma idan ya bushe fari yake yi. Wannan mai zaƙin aikin funfunar Cronartium ribicola ce, mai jawo cutar tsatsa ga fain ɗin da ganyensa ke fitowa biyar-biyar a ɗaure. Takan shiga ta ganye a ƙarshen lokacin zafi idan aka samu sanyi da danshi, ta gangara cikin reshe a hankali. Sai bayan shekara 2 zuwa 3 ɓawon ya kumbura ya fara tsattsafo da ruwan. Zaƙin tarko ne: ƙudaje su zo lasa, su kwashi ƙwayoyin haihuwarta daga wannan tabo zuwa wancan. Shekara ta zagayo sai ka ga ƙuraje masu launin ruwan lemo sun fashe suna zubar da gari.

Hajiya Mai Lambu: Malam ya yi bayani. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, fain ba ya harbar fain kai tsaye. Dole garin ya fara sauka kan ganyen wani tsiro dabam, galibi wani ƙaramin itace mai 'ya'ya da ake kira Ribes, daga nan cutar ta dawo. Shi ya sa a 1911 gwamnatin Amurka ta hana noman baƙin nau'insa, ba ta janye ba sai 1966.

Malam Gandu: Haka ne, Hajiya. Maganinta sassabe. A sare rassan ƙasa har tsayin kusan mita 3, domin can danshi ke kwana, amma kar a cire fiye da rabin ganyen. Idan tabon ya fi santimita 10 nesa da gangar bishiyar, a datse reshen daga tushe, an tsira. Idan ya kewaye gangar kuwa, abin da ke samansa ya mutu ke nan. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga gaigayar kurege a ɗauka shi ne mai laifi, alhali zaƙin ya biyo.