Shafina yana daskarewa idan ina daidaita tsayin katuna da JavaScript

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shafi mai nuna kayan sayarwa a cikin ɗaruruwan katuna, kuma na rubuta JavaScript da ke bin katunan ɗaya bayan ɗaya, yana karanta offsetWidth (wato faɗin) na kowane kati, sannan ya sa masa tsayin da ya dace da faɗinsa ta hanyar style.height. A kwamfuta abin da sauƙi, amma a ƙaramar wayar Android shafin yakan daskare duk sa'ad da aka juya wayar, kuma Chrome yana fitar da gargaɗin "Forced reflow while executing JavaScript". Me ke jawo wannan, kuma ta ina zan fara gyara?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, matsalar tana cikin yadda ka jera karatu (neman awon kati) da rubutu (canza tsayinsa). A al'ada burauza ba ta sake lissafin wuri da girman abubuwan shafi nan take idan an canza salo. Tana tara canje-canjen ne ta lissafa su gaba ɗaya kafin ta zana allo. Amma da zarar ka nemi offsetWidth, ko wani awo irin su getBoundingClientRect da scrollTop, bayan ka riga ka canza tsayin wani kati, dole ta dakatar da komai ta yi lissafin a lokacin, domin ba za ta ba ka tsohon awo ba. Tunda a kowane zagaye kana rubuta tsayin kati ɗaya sannan ka karanta faɗin na gaba, kana tilasta mata lissafi sau adadin katunanka, alhali allon da ke sabuntawa sau 60 a daƙiƙa bai ba ka fiye da milisakan 16.7 ba a kowane zane. Ka raba aikin biyu: ka fara karanta faɗin duka katunan ka ajiye, sannan ka dawo ka rubuta tsayinsu.

Amsa ta biyu:
Kafin ka taɓa komai, ka auna. Ka buɗe sashen Performance a DevTools, wato kayan binciken shafi da ke cikin Chrome, ka rage saurin na'urar sarrafawa sau 4 ko sau 6 don ta yi kama da wayar, sannan ka naɗi abin da ke faruwa. Za ka ga sanduna masu ruwan shunayya suna maimaituwa a ƙarƙashin aikinka, kuma idan ka danna ɗaya zai nuna maka layin da ya jawo ta. Ina kuma ba da shawarar requestAnimationFrame, wanda ke sa aiki ya gudana daf da lokacin da burauza za ta zana allo.

Amsa ta uku:
Na yarda da batun awo, sai dai a yi hattara da shawarar ƙarshe, domin requestAnimationFrame yana sauya lokacin da aikin zai gudana ne kawai. Idan karatu da rubutu suna cakuɗe a cikinsa, daskarewar tana nan. A ganina ma wannan aikin bai kamata ya kasance hannun JavaScript ba. CSS, wato harshen tsara salon shafi, yana da aspect-ratio, wanda Chrome ta karɓa tun siga ta 88 a shekarar 2021, kuma layi ɗaya nasa zai sa tsayin kati ya bi faɗinsa ba tare da an auna komai ba. Ga katunan da ke can ƙasa kuwa, content-visibility: auto yana sa burauza ta jinkirta lissafin abin da ke cikinsu har sai an kusa iso su, amma ka haɗa shi da contain-intrinsic-size, wanda ke ba kati girman wucin gadi kafin a lissafa shi, in ba haka ba sandar gungurawa za ta riƙa tsalle.