Neman shawara: yawan maƙaloli ne ke nuna malamin da ya dace na yi doktora a hannunsa?

Assalamu alaikum, malamaina da yayyena. Ni ɗaliba ce daga Garwa, na kammala digiri na biyu, kuma ina son yin doktora a kan farfaɗiya da tsirran da ake maganinta da su a Arewacin Kamaru. Malamai biyu masana ƙwaƙwalwa da jijiyoyi sun amince su duba aikina. Na farkon yana da maƙaloli masu tarin yawa, an kuma ambace su sosai a ayyukan wasu masana, kamar yadda Google Scholar, shafin da ke ƙirga hakan, ya nuna. Na biyun nasa kaɗan ne, wasu ma da Faransanci ya rubuta su. Zuciyata ta fi kwantawa da na biyun, amma abokan karatuna sun ce sunan na farkon ne zai buɗe mini ƙofofi. Shin waɗannan alƙaluma sun isa a yanke hukunci da su?

Wani malamin jami'a daga Ngaundare:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ki fara sanin abin da alƙaluman ke aunawa. Ma'aunin h, wanda masanin fiziya Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a Amurka a 2005, ma'anarsa ita ce, idan aka ce na mutum 10 ne, to yana da maƙaloli goma da aka ambaci kowacce aƙalla sau goma. Ba ya raguwa, don haka yana fifita wanda ya daɗe a fagen ko da ya daina shiga ɗakin gwaji. Google Scholar kuma yana ƙirga har da kundayen ɗalibai, shi ya sa adadinsa yakan zarce na rumbunan maƙaloli irin su Scopus da Web of Science, waɗanda su kuma ba su cika ɗaukar mujallunmu na Faransanci ba. Saboda haka ƙarancin ambaton malami na biyun bai nuna raunin aikinsa ba.

Abin da na fi so ki yi shi ne ki buɗe maƙalolin da kanki, ki dubi jerin sunaye. A fanninmu, sunan farko yawanci na wanda ya yi aikin ne, na ƙarshe kuma na shugaban ɗakin gwajin. Akwai rahotannin duniya da ɗaruruwan mutane ke sa wa hannu, ana ambatonsu dubbai, alhali gudummawar wasu ba ta wuce tura bayanan ƙasarsu ba. Idan ɗalibansa ne ke fitowa a sunan farko, shi yana ƙarshe, wannan malami ne mai rainon mutane.

Wata likita daga Njamena:
Ƙanwata, na yarda da Malam, sai dai ba na so ki raina alƙaluman gaba ɗaya. Mu a Chadi takardunmu na ƙarin girma CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska, muke kai wa, ku kuma kuna da kwamitinku na ƙasa, kuma ko'ina sai an tambayi inda aka buga aiki. Masu ba da tallafi irin su IBRO, ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, ma suna duba tarihin wallafar mai nema. Sanarwar San Francisco ta 2012 ta gargaɗi jami'o'i da su daina auna mutum da darajar mujalla, amma al'adar ba ta mutu ba. Ki nemi sunayen malaman biyu a PubMed, rumbun maƙalolin likitanci na intanet, ki ga wanda ke wallafawa a shekarun nan, domin aikin da aka yi shekara ashirin da suka wuce ba zai sama miki sinadarai ko na'ura a yau ba.

Wani mai bincike daga Marwa:
'Yar'uwa, ki kula da mujallun da ke karɓar kuɗi su buga maƙala cikin kwanaki ba tare da masana sun tantance ta ba, domin da su ake kumbura jerin wallafe-wallafe, kuma binciken tsirrai ya sha fama da su. Ki duba ko mujallar tana cikin DOAJ, jerin tantattun mujallun da ake karantawa kyauta, ko PubMed. Sannan ki tuna cewa kimanin mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma binciken da aka yi a kwarin Mbam na Kamaru, wanda ya nuna alaƙarta da cutar makanta da ƙudan bakin rafi ke yaɗawa, daga ƙauyuka ya faro. Irin wannan aiki yakan ɗauki shekaru kafin a fara ambatonsa.

Ki nemi tsofaffin ɗaliban kowannensu a keɓe, ki tambaye su ko yana karanta abin da suka rubuta, ko sun gama a kan lokaci, da kuma wanda ya biya kuɗin ɓerayen gwaji da na wallafa. Idan dokar makarantarku ta yarda da malamai biyu su haɗu a kan kundi ɗaya, ki gabatar wa na biyun da wannan buƙata tukuna, tunda shi ne kika fi natsuwa da shi.