Neman kalmar Hausa: me za mu kira "kwanten"?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Jibi zan koyar da masu ƙananan sana'o'i yadda za su fara amfani da kafofin sada zumunta don kasuwancinsu, amma kalma ɗaya ta hana ni sakat: abin nan da ake ce wa kwanten, wato hoto, bidiyo ko rubutun da mai shafi ya ɗora. Na gwada "talla", sai ta rushe mini darasin, don abin da nake so su gane shi ne ba kome ne talla ba. Mai shafin da kullum "zo ka saya" ce a bakinsa, mabiya gajiya suke yi da shi. Sai an haɗa da bidiyon yadda ake yin kayan, da amsar tambayoyin da masu saye suka fi yi, da shaidar wanda ya saya ya ji daɗi. Don Allah a agaza.

Mai fassara: Wa alaikumus salam, Malama. Ki dai guji "abun ciki" da na'urar fassara ke bayarwa. Bahaushe na ji, hanji da hanta zai tuna. Ni "ƙunshiya" nake sawa.

Ɗan jarida: Ƙunshiya ai ta littafi ce, jerin babi-babi a farkonsa. Mu a ɗakin labarai "wallafa" muke cewa: wane ya wallafa a shafinsa na X.

Mai tambaya: Wallafa aikin ne, Malam, ni sunan abin nake nema. Zan sa su tsara jadawalin mako: wannan na Facebook, wannan na Instagram, wannan kuma na WhatsApp da ke ɓacewa bayan awa 24. To jadawalin me zan ce?

Malamin Hausa: Ɗorau. Daga "ɗora". Gajeriya ce, tamu ce, kuma na daɗe ina koya wa ɗalibaina ita. Jadawalin ɗorau, shi ke nan.

Mai fassara: Allah ya gafarta Malam, mantau, makarau, jimrau, duk mutane ne. In ka ce ɗorau, mai yawan ɗorawa za a ɗauka.

Malamin Hausa: Wa ya ce ƙa'idar ta tsaya kan mutum kaɗai? Ku masu fassara kun saba jiran a ƙirƙiro ku soke, ba ku taɓa kawo taku ba.

Matashi mai shafi: Baba, da girmanka, kwanten kowa ke cewa, kuma ana ganewa. Mota da tebur da rediyo ma aro ne, ba su kashe Hausa ba.

Malamin Hausa: Yaro, aron da aka yi don babu daban, na kasala daban. Tun 2004 Facebook ke duniya, Instagram tun 2010, a ce har yau harshen da miliyoyi ke magana da shi bai sama wa wannan abu suna ba? Wannan yana yi mini ciwo.

Ɗan jarida: Ita kanta "jarida" daga Larabci ta zo, Malam, haka ma "wallafa".

Malamin Hausa: Waɗannan sun zauna sun zama 'yan gida. Kwanten ko jam'i ba ta da shi.

Mai tambaya: Iyayena, jibi ne fa. Ga abin da na tsayar: aikin "wallafawa", abin kuma "abin wallafa", jam'i "abubuwan wallafa". A farko zan ambaci kwanten sau ɗaya don su gane inda aka dosa. "Talla" kuma zan bar wa wanda aka biya kuɗi don ya kai ga mutane da yawa.

Mai fassara: Raba su da kika yi ya yi daidai.

Malamin Hausa: Ta yi tsawo, 'yata, kuma ban ga bakin da zai riƙe ta ba. Amma ba zan hana ki ba. Ki dai faɗa musu ɗorau ko sau ɗaya, ki ji wadda za su maimaita.

Mai tambaya: In sha Allahu zan faɗa, Baba, kuma zan dawo da abin da suka ce.