Abin da aka tattauna kan manhajar aikin rukuni

'Yan'uwa ɗaliban KNUST (Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah) a Kumasi, ga abin da na tsinto daga tattaunawar da aka yi kan wace manhaja ta fi dacewa da aikin rukuni:

1. Kusan kowa ya zaɓi WhatsApp don sanarwa, tunda yana wayar kowa. Matsalarsa, takardar aiki kan nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da saƙonnin murya.

2. Rubutun haɗin gwiwa, Google Docs: ana ganin wanda ya gyara me. Babu wanda ya musa.

3. A kan Telegram aka rabu. Wasu sun yaba don yana ɗaukar fayil har 2GB, wasu suka ce ba sa buɗe shi sai an kira su. Gaskiya ina tare da na biyun.

4. Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, ga cin data. Mazauna unguwannin Aboabo da Asawase sun roƙi a riƙa taro da rana, kafin caji ya ƙare idan an ɗauke wuta.